Shimfiɗar Takalmin Injiniya Azariya

Idan ana lissafa baiwar da Allah ya yi wa Kafanchan, mutane kan fara da citta, su bi da layin dogo, su ƙarasa da ruwan sama. Wannan rashin adalci ne tsagwaronsa. Mai gaskiya da Injiniya Azariya zai fara, ya kuma daɗe a kansa kafin ya tuna da wata citta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a tashar jirgin ƙasa. 'Yan baƙin ciki suna cewa tikiti yake hudawa a taga, wai ko da wasa bai taɓa ɗora hannu a kan inji ba. To, sai me? Mutumin da ya shekara talatin yana jin rurin inji ta taga, ai injiniyanci ya shiga jininsa ko ba ya so. Shi ma haka ya gani. Ranar da ya ajiye aiki ya sa aka rubuta masa "Injiniya" a ƙofar gida da shuɗin fenti, daga ranar kuwa duk wanda ya kira shi Malam Azariya kamar da bango yake magana.

Da ciwon suga ya kama shi, in wani ne sai ya ce jarraba ce ta zo. Injiniya naɗin sarauta ya ɗauke shi. Wata uku bai cika ba ya kafa Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Kafanchan da Kewaye, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya kuma ci da gagarumin rinjaye. Asabar ɗin farkon kowane wata ake taro a wani aji na makarantar majami'arsu. Kirista da Musulmi, manoma da 'yan kasuwa, kowa ya zo da katinsa na asibiti ya zauna a benci, sai Ciyaman ya miƙe. Ba ya zama sai ya ga wani ya fara karkarwa don yunwa. 'Yan achaba suka raɗa masa Baba Lacca. Da sunan ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe har yanzu akwai yara masu tarbiyya da suka san mai ilimi.

Wata baiwar tasa kuma ita ce girmama kaya. Kujerun falonsa shekararsu tara ba a cire musu leda ba. Akwai farantan tangaram a kabad waɗanda ko fasto bai kai matsayin ci a cikinsu ba, ana dai jiran baƙon da ya isa. Rediyon da abokan aiki suka ba shi ranar sallama yana nan a kwalinsa. A wurin Injiniya, abu mai daraja ba amfani ake yi da shi ba, ajiye shi ake yi a inda baƙo zai gani.

Ƙafarsa ce kaɗai ba ta samu wannan girmamawa ba. Shekara biyu ke nan ta daina ji. Ya taka ƙaya bai sani ba, ya taɓa taka garwashi sai ƙauri ne ya ba shi labari. Shi dai alfahari yake yi da hakan, wai ƙafar ma'aikacin reluwe ce, ta wuce jin ciwo. Nas Zipora, wadda ke duba masu suga a asibitin gari duk ranar Talata, ba ta ga abin alfahari ba. Ta nuna masa wata kanta mai tauri a ƙarƙashin babban yatsansa na dama, ta ce a irin wannan wuri gyambo ke farawa a ɓoye, mai ƙafar bai ji ba, kafin a farga sai wuƙar likita. Ta ce ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowace safiya, ya kuma rabu da matsattsen takalmi. Matarsa Lai'atu tana gefe, ta ji komai, hankalinta ya tashi. Injiniya ma ya ji. A taro na gaba ya maimaita wa 'yan ƙungiya maganar tiryan-tiryan, har da kaɗa yatsa, bai kuma taɓa sunkuyawa ya leƙa tasa ƙafar ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ana tsakiyar damina sai ga Dokta Musbahu, wani matashin likita mai bincike daga jami'a, ya zo taron ƙungiya da akwati. A ciki akwai shimfiɗar cikin takalmi ta mutum goma. Baƙa ce, siririya, ba ta fi takardar kwali kauri ba. Dokta ya yi bayani a tsanake. Ya ce a cikinta an shimfiɗa wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda gashin kai ya fi su kauri sau dubbai, su ake kira nano. In an taka, ƙwayoyin sukan matsu, 'yar wutar da ke bi ta cikinsu ta canza, wani ɗan maɓalli da ke maƙale a gefe ya riƙa ajiye abin da ya faru. Bayan mako biyu za a buɗe a kwamfuta a ga taswirar ƙafar kowa. Inda nauyi ya fi dannawa zai fito ja, kuma nan ne gyambo ke shirin ɓullowa. In an san wurin, sai a yi wa mutum takalmin da zai ɗauke nauyin daga nan tun fata ba ta fashe ba.

"Roƙona ɗaya ne," in ji Dokta Musbahu. "Ku sa ta a takalmin da kuke sawa kullum, ku yi harkokinku. Gona, kasuwa, hanyar coci, hanyar masallaci, duk inda ƙafa ta saba zuwa. Laka ba ta ɓata ta. Aikinta ke nan, a taka ta."

Injiniya ya miƙe ya gode wa Dokta na minti arba'in. Ya ce shi dama tun yana reluwe yake da tunanin ƙirƙiro irin wannan na'ura, lokaci ne kawai bai samu ba. Sannan ya karɓi shimfiɗa mai lamba ɗaya da hannu biyu. Sau uku aka ɗauke su hoto, don a na farko idonsa a rufe yake, a na biyu kuma Dokta ya fi shi fitowa.

Da ya isa gida ya zauna a kan kujera mai leda, ya ɗora shimfiɗar a cinya. Ya dube ta, ya dubi tsakar gida. An yi ruwa da rana, jar laka har bakin ƙofa, agwagi sun bi sun ƙara da nasu. Ya sake duban shimfiɗar. Abin da masana suka ɓata shekaru suna haɗawa, ya hau mota ya sha hanya har Kafanchan, shi ne za a ce a danna a ƙarƙashin ƙafa a shiga wannan caɓi da shi? Zuciyarsa ta ƙi. Dokta yaro ne, bai san darajar kaya ba, amma ba da hannun Injiniya za a yi wannan wulaƙanci ba.

Lai'atu ta leƙo daga kicin. "Baban Joanna, ba ka sa abin a takalmi ba?"

"Maman Joanna, wannan teknoloji ne. Ba silifas ba ne."

"Ai dokta ya ce a taka shi."

"Dokta da jama'a yake magana. Ni ciyaman ne. Akwai masu takawa, akwai masu wayar da kai. In kowa ya taka, wa zai yi bayani?"

Lai'atu ta shekara talatin da takwas tana jin irin wannan amsa. Ta koma kan miyarta. Shi kuwa ya lura gefen shimfiɗar ya ɗan lanƙwashe, sai ya kwantar da ita a kan kabad, ya danne ta da ƙaton ƙamus na Turanci don ta miƙe.

Washegari ya naɗa kansa Jakadan Nano na Kudancin Kaduna. Jakada kuwa ba ya fita da tsohon sandal. Ya ciro baƙin takalmi mai tsinin baki wanda ya sa ranar auren 'yarsa Joanna, wanda ko a ranar sai da aka haɗa da cokali kafin dunduniya ta shiga. An sake haɗawa da cokalin. Ya naɗe shimfiɗar a farin hankici, ya sa a jakar hannu, ya hau bas sai Zonkwa.

A can, bayan an tashi daga sujada, ya roƙi faston wata majami'a minti biyar. Faston bai san shi ba, shi ya sa ya yarda.

"Jama'ar Allah, salama a gare ku," in ji Injiniya, yana warware hankicin a hankali. "Abin da ke hannuna ɗin nan, kakanninku ba su gan shi ba. Iyayenku ba su gan shi ba. Ku ma da ba don ni ba, da ba ku gan shi ba. Sunan shi nano. Nano, wato abin da ya yi ƙanƙanta har ido ya ba shi haƙuri. A cikin wannan ɗan shimfiɗa akwai sensa da sun fi mutanen Zonkwa yawa, har da na ƙauye. Aikin su awon firesha, wato nauyin da ke danna ƙafa. Jama'a, ba shuga ne ke yanke ƙafa ba, jahilci ne! Mutum zai sa takalmin da ya matse shi, ya yi ta yawo daga gari zuwa gari, ƙafa na kuka bai ji ba. Irin waɗannan mutane, gaskiya ina tausayin su."

Ya faɗi haka yana tsaye cikin takalmin auren Joanna, jijiyar idon sawunsa ta taso raɗa-raɗa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Da ya gama, bayan minti hamsin, ya yi wa jama'a alfarma. Ya ce kowa ya wanke hannu ya shiga layi, ya danna shimfiɗar da yatsa sau ɗaya, don ya gaya wa jikokinsa. Aka yi layi har waje. Wata tsohuwa ta danna, ta shafa a gwiwarta mai ciwo, Injiniya bai hana ta ba, ya ce bangaskiya ma tana da nata firesha.

Daga nan abin ya zame masa aiki. Ranar kasuwar Zangon Kataf yana can, ya hau kan buhun masara ya yi jawabi tsakanin mai gishiri da mai maganin ɓera, har mai maganin ɓera ya tattara ya koma gaba don an ƙwace masa masu sauraro. Ya je taron zumuntar mata, ya je ƙungiyar manoman citta, ya je jana'izar wani mutum da bai taɓa gani ba. Duk inda mutum uku suka taru, hankici zai buɗe. Da yamma ya koma gida, ya mayar da shimfiɗar ƙarƙashin ƙamus, ya zare takalmin da ƙyar, ya tura ƙafar ƙarƙashin kujera don kada Lai'atu ta gani.

A hanyar Gwantu ne ya nuna jarumtaka ta gaske. Ruwa ya tsinke, bas ta kafe a laka, direba ya ce kowa ya sauka ya taka zuwa ƙauyen gaba. Tafiya ce ta fi awa ɗaya. Injiniya ya cusa jakar a cikin riga, ya buɗe lema a kanta, shi kuwa takalmi ya cika da ruwa da tsakuwa, yana tafe yana caɓal-caɓal. Sauran fasinjoji suna ta kukan ƙafa, wasu sun cire takalma sun riƙe a hannu. Shi ko gezau. Ya dube su da murmushin tausayi, ya ce da wani saurayi mai ɗingishi, "Ɗana, ƙafan zamani ke nan. Ni ko ƙaiƙayi ban ji ba." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ita ce abin tsoron.

Kwana biyu bayan haka ya ratsa ta kasuwar Kafanchan, ya ci karo da abin da ya kusa tayar masa da hawan jini. Iya Asibi ce, 'yar ƙungiya mai sayar da busasshiyar citta, wadda kakanninta ma a kasuwar nan suka tsufa. Ita aka ba shimfiɗa mai lamba bakwai. Tana ta kai da kawowa tsakanin mota da rumfarta cikin takalmin roba, laka har idon sawu, ga ɗan maɓallin nan a gefe ya yi buɗu-buɗu.

"Iya Asibi! Nano ɗin ne a cikin wannan caɓi?"

"Ita ce, Ciyaman. Ai haka likita ya ce. Da yamma nakan goge ta da tsumma."

"Tsumma!" Injiniya ya dafa ƙirji. "Abin da farfesoshi suka haɗa da safar hannu!"

"To, ya na iya? Ƙafar ce nake so in tsira da ita. Taka fa, tana lafiya?"

Ya ɗan buɗe bakin jakar ya nuna mata farin hankicin. "Tana nan kamar ranar da aka haife ta."

"Allah ya raya," in ji Asibi, ta sunkuya ta ci gaba da awon citta.

Injiniya ya wuce yana girgiza kai. Kafin ya kai bakin titi ya gama tsara ƙudurin da zai gabatar a taro, cewa nan gaba kada a sake ba da irin wannan kaya sai ga wanda ya yi makaranta.

Ranar kwana na goma sha ɗaya da karɓar shimfiɗar, da safe, Lai'atu tana wanki ta ɗaga safarsa ta dama. Akwai tabo a wajen yatsu, ruwan ɗorawa da ja-ja, ya bushe ya yi tauri. Ta kai hanci ta janye da sauri. Nan take ta tuna maganar Nas Zipora kalma bayan kalma. Ta same shi a falo yana fama da cokali da dunduniya.

"Baban Joanna, bari in ga ƙafan nan."

"Laka ne."

"Laka ba ya wari haka. Don Allah, bari in gani."

"Maman Joanna, ina da furogiram ƙarfe goma. Ranar Asabar rizol zai fito, sayans zai yi magana. Ke da safa ba za ku riga sayans ba."

Ya fita yana taku ɗai-ɗai, jaka a hammata. Lai'atu ta tsaya da safar a hannu. Haushinsa take ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa, don ta taɓa ganin maƙwabcinsu ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da sanda. Ranar Talata ce. Ta sa safar a leda, ta yafa gyale, ta hau achaba ta kai wa Nas Zipora. Zipora ta duba, ta ce a kawo shi yau ɗin nan. Lai'atu ta kai masa saƙo, ya ce jakada ba ya barin fagen aiki. Zipora ta buga masa waya sau biyu, ya ce yana mitin. Ran Alhamis ta zo gidan da kanta, ta tarar ya tafi wayar da kan wani ƙauye tun asuba. Ta ce to, ranar Asabar ba zai tsere mata ba.

Asabar ta zo, ajin makaranta ya cika ya batse. Dokta Musbahu ya so ya ga kowa shi kaɗai a ɗaki, Ciyaman ya ce sam, ilimi ba a ɓoye shi, a haska a bango kowa ya gani ya ƙaru. 'Yan ƙungiya suka ce ba komai. Injiniya ya gayyato fasto da mai unguwa, ya kuma ajiye matan zumunta a gefe da ganga da ƙwarya, ya ce da zarar an nuna nasa su tayar da waƙa. Sauran mutum tara suka zaro shimfiɗunsu daga takalma, duk sun yi jina-jina da laka da gumi. Injiniya ya miƙa tasa a cikin hankici, tana sheƙi. Dokta ya juya ta gaba da baya, ya dube shi, ya haɗa ta da sauran.

Aka fara haskawa. Taswirar Iya Asibi ta fito, ƙafa sosai da yatsunta da dunduniyarta, kore da rawaya, sai wani wuri guda a gefen ƙafar hagu ya yi ja zur.

"Iya, kin taka mana sau dubu casa'in da wani abu," in ji Dokta. "Kin ga nan? Nan ne ciwo ke shirin fitowa. Amma fatar ba ta fashe ba tukuna. Za a yi miki takalmin da zai ɗauke nauyin daga wurin. In sha Allahu kin tsira da ƙafarki."

Asibi ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Injiniya ya karkata wajen mai unguwa ya raɗa masa cewa abin da laka ke jawowa ke nan, ta sa nano ya yi ja.

Tasa aka bari a ƙarshe, bisa umarninsa. Dokta ya danna kwamfuta. Bango ya yi fari fat. Babu dunduniya, babu yatsu, sai 'yan ɗigogi birjik kamar an watsa gero, da wani abu mai kusurwa huɗu shimfiɗe a tsakiya. Kafin Dokta ya buɗe baki Injiniya ya miƙe.

"Jama'a, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku duba da kyau. Akwai ja? Ko ɗigo ɗaya? Babu! Wannan shi ne ake kira ziro firesha. Wannan shi ne amfanin ilimi da tsabta da kula da kaya. Ban yi don a yaba mini ba, na yi ne don na baya su koya."

Aka tafa. Matan zumunta suka buga ganga, mai ba da waƙa ta ja numfashi. Dokta ya ɗaga hannu, gangar ta tsaya a tsakiyar kiɗa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban ga ƙafa a nan ba. Ko taku ɗaya babu. Waɗannan ɗigogin yatsun hannu ne, sun fi ɗari huɗu. Wannan mai kusurwa huɗun kuma ban san ko mene ne ba, amma kullum a kanta yake kwana."

"Dikshonari ne," in ji Lai'atu daga bencin baya.

Wayyo, dariya! Mai unguwa ya rufe baki da hula. Fasto ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a, kafaɗunsa suna rawa. Injiniya ya gyara murya zai yi bayanin cewa shi ma gwaji ne ya shirya na musamman, sai ya ga Nas Zipora ta durƙusa a gabansa, ta riga ta sa safar hannu.

"Baba, zauna. Cire takalmi."

"'Yata, a gaban jama'a?"

"Ai kai ka ce ilimi ba a ɓoye shi."

Takalmin ya ƙi fita. Ƙafar ta kumbura ta cika shi tam, sai da almakashi aka farke shi daga sama har baki. Safar ta manne da fata, Zipora ta jiƙa ta da ruwan gishiri tana ɓarewa a hankali. Warin ne ya fara isa bencin gaba, dariyar ta ɗauke ɗif. A ƙarƙashin babban yatsa, inda kantar take, rami ne ya buɗe, yatsan kansa ya yi baƙi har gindi.

Injiniya ya sunkuya ya kalli ƙafarsa. Rabonsa da ya kalle ta da idon basira har ya manta. Zipora ta danna gefen ramin ta tambaye shi ko ya ji. Bai ji ba. Shekara biyu yana tinƙaho da wannan rashin ji, yau kuwa shi ne ya fi komai ba shi tsoro. Ya ɗaga kai yana neman Lai'atu a cikin taro, ya gan ta ta riga ta iso gefensa, tana riƙe da kafaɗarsa tana hawaye. Gaskiya a wannan lokacin ko maƙiyinsa sai ya tausaya masa. Iya Asibi ce ta fita ta taro mota, maza biyu suka ɗauki Jakadan Nano suka sa a ciki, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya a leda.

Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu. Ƙafa ta tsira, babban yatsa ya tafi. Suka ce da an ƙara kwana uku, da zancen gwiwa ake yi. Kwana huɗu Injiniya bai ce uffan ba, har Lai'atu ta fara damuwa. A na biyar murya ta dawo. Kafin mako ya zagayo ya naɗa kansa shugaban marasa lafiyar ɗakin, yana kwance, ƙafa a kan filo biyu, yana yi musu lacca a kan haɗarin matsattsen takalmi. Ya ce shi da gangan ya sadaukar da yatsansa don al'umma ta gani da ido. Na gadon kusa da shi ya roƙi a mayar da shi wajen taga.

Ranar da za a sallame shi Nas Zipora ta zo wanke ciwon. Injiniya ya jira ta gama naɗe bandeji, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta manyan taro.

"'Yata, na yi dogon tunani. Ki gaya ma Dokta na amince. A dawo mini da nano ɗina mai lamba ɗaya. Wannan karon zan taka shi. Zan sa a shimfiɗa tabarma daga falo zuwa bakin ƙofa, in taka safe da yamma. Risac ɗin nan ba zai cika ba in babu ƙafan ciyaman."

Zipora ta tattara almakashi da auduga ta zuba a faranti. "Baba, ai ya tafi Gwantu tun wancan sati. Naka ne kaɗai ba a sha wahalan wankewa ba, sai aka ba wani manomi."

"Manomi? To, a karɓo. Nawa ne, da sunana a takarda."

"Ko an karɓo ba zai yi ba, Baba," in ji ta, ta ɗauki farantin. "Don ƙafa mai yatsa biyar aka yi shi."